Kifin da Baba Tsoho Ya Ƙi Mayarwa Ruwa

Ƙanshin ruɓaɓɓen ganye a bakin tafki ba ya barin in wuce ban tsaya ba. Da ya buge ni sai in koma 'yar firamare a garin Laurel, can ƙasar Turawa, shekarar da Baba Tsoho, mahaifin babanmu, ya daina cin abinci.

Masunci ne daga Yauri. Bayan rasuwar kakarmu Baba ya ɗauko shi don a duba lafiyarsa, sai ya zauna bakin taga yana ta ramewa. Tuwo, fura, farfesu, ba abin da Mama ba ta gwada ba. Loma biyu ya ture kwano. Ni da yake tsokana da "amaryata", ko kallo ban ishe shi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne. Wata Asabar a farkon sanyi, da ganyen bishiyoyi ya yi jajawur, Baba Tsoho ya hango shi da sandar fatsa siririya, ya miƙe tsaye. Haka muka bi Baturen har bakin tafki, ni ce tafinta da guntuwar Hausata.

Ikon Allah! Babu tana, babu wani koto. Gashin tsuntsu ne aka ɗaure wa ƙugiya da zare. Baturen yana kaɗa igiya a iska, gaba da baya, sai ta sauka a hankali gefen ciyawar ruwa, ya riƙa fizgo ta kaɗan-kaɗan.

"Tambaye shi," in ji Baba Tsoho, "kifin ƙasar nan ba shi da hanci ne?"

Na tambaya. Baturen ya ce wannan kifi, pikaral, da ido yake farauta, kuma in ruwa ya fara sanyi yunwarsa ta fi tashi. Bai rufe baki ba ruwa ya fashe. Ya jawo kifin, dogo, kore, jikinsa da zanen sarƙa, bakinsa cike da haƙora irin na kifin tsage. Ya cire ƙugiya, ya sunkuya, ya sake shi.

Baba Tsoho ya dafe kai. "Innalillahi! Lafiyarsa kuwa?"

Da aka ba Baba Tsoho sandar, igiya ta naɗe masa hula, ta naɗe reshe, ni ma da ƙyar na tsira da ɗankwalina. Bai haƙura ba. Can wajen la'asar wani kifin ya cafke. Baturen ya nuna masa ruwa alamar ya mayar da shi, ya ce ƙaya ta yi wa kifin yawa, ba a cika cinsa ba.

Baba Tsoho ya rungume kifin a ƙirjin rigarsa. "Amaryata, gaya masa a garinmu ba a mayar wa Allah kyautarsa."

Ban san yadda zan juya wannan ba. Na ce kawai, kakana yunwa yake ji. Baturen ya dube shi, ya auna tsawon kifin ya ga ya kai yadda doka ta yarda a ɗauka, ya gyaɗa kai.

Da muka koma gida, Baba Tsoho ya kori Mama daga kicin. Ya tsattsaga jikin kifin kusa da kusa, ya soya har ƙananan ƙayoyin suka yi ƙus-ƙus. Ya cinye rabi, ya ba ni wutsiya, sannan ya ce a ƙaro tuwo. Mama ta juya baya tana share ido.

Yanzu ni ke kaɗa igiyar a wannan tafki, shi kuma Baba Tsoho yana kwance a kabarinsa a Yauri. Na koyi sakin kifi yadda ake yi a nan, har ina koya wa 'ya'yana. Amma na farkon da na kama kowace shekara, gida nake kawo shi.