Takabar Mantoa Mai Wanki

Da asubar wata rana ta watan Yuni, shekarar 1913, lokacin da sanyi ya fi tsanani a ƙasarmu, Mantoa tana tsugune a bakin kwamin gidan wanki, tana fasa ƙanƙarar da ta daskare a saman ruwa da dutse. Kullum ita ke riga kowa isowa, don ta gama da wuri ta koma gida da sauran rana. Shekara ashirin tana wanke zannuwan gadon Turawan garinmu. Hannayenta sun tsattsage, sai ta shafa musu kitsen tunkiya kafin su yarda su lanƙwasu.

Baƙi ne a jikinta tun daga kai har ƙafa. Mijinta Tefo tarago ya matse shi a tashar jirgi bara. Bayan an rufe shi, wansa Nkhasi ya sauko daga ƙauyensu na kan duwatsu, ya ɗaura mata baƙin zare a wuya, ya ce in shekara ta cika zai dawo da tunkiya, a yanka, ya kwance ta daga takaba da hannunsa. A wannan asuba saura kwana tara.

Takaba a wurinmu ba wasa ba ce. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta ba wa kowa hannu, ba ta shiga taro, ba a cin girkinta. Aiki kam an bar wa Mantoa, tunda babu mai ciyar da ita. Amma babbar doka ita ce kada rana ta faɗi tana waje. Wadda ta karya wannan, dauɗar mutuwa ba ta barin jikinta, mamacin kuma ba ya samun kwanciya. Haka muka taso muka tarar, haka kuma Mantoa ta yarda da shi har cikin ranta.

Sai kuma takarda. A lokacin kowace baƙar mace sai ta riƙa yawo da takarda mai sunan wanda take yi wa aiki, kuma duk farkon wata sai ta je ofis an buga mata sabon hatimi. Ɗan sanda na iya tare ki a hanya, ko a bakin famfo, ko a ƙofar ɗakinki. In babu takarda sai ɗaurin kurkuku. Mantoa a cikin gwangwanin taba take ajiye tata, don kada ruwan wanki ya jiƙa ta.

Da hantsi ya dubi gidan wanki sai ga Mme Selina, wato Uwargida Selina, matar malamin makaranta, da hula da safar hannu. Ta hau kan wani akwati ta ce matan birnin Mangaung sun yayyaga takardunsu a gaban hukuma, yau kuma da tsakar rana matan garinmu za su yi haka. Ta yi magana mai tsawo, da kalmomi manya. Puleng, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta ce mata, "Mme, cire safar nan ki kama mana bakin zanen gado, baki na aiki hannu na aiki." Aka yi dariya, ita ma Selina ta yi. Sannan Puleng ta juya wajen Mantoa ta ce, "Ke kam ausi, 'yar'uwata, kin huta, baƙin nan ya fanshe ki. Ki tsare mana sabulu, kada mu dawo mu tarar kin ƙara ƙiba."

 Mantoa ta matse zanenta na ƙarshe, ta shanya, ta sa masa maƙali. Da mata suka fito suka kama hanyar ofis, ta goge hannu a gefen zaninta, ta ɗauki gwangwanin taba, ta bi su daga can baya. Wata tsohuwa ta tare ta, ta tuna mata da kwana taran da suka rage, ta ce babu wanda zai zarge ta in ta zauna. Mantoa ta rusuna mata, ta kewaye ta, ta wuce.

A ƙofar ofis aka yi waƙa, aka yi ihu, takardu suka yi ta tashi a iska. Ita ba ta buɗe baki ba, don ko a nan tana kiyaye takabarta. Ta raba takardarta gida huɗu, ta ajiye a kan matakala, ta ɗora dutse a kai don kada iska ta kwashe, kada wani ya ce ba a ga tata ba. Mata talatin da huɗu aka kama, har da ita.

A kotu aka ba su zaɓi, ko biyan tara ko ɗaurin wata biyu, suka ce ba za su biya ba. Tafinta ya ga baƙin kayanta, shi kuma ɗan gida ne, ya san abin da ke kanta. Ya sunkuyo ya ce in ta yarda a ce taro ne ya kwashe ta, za ta kwana a ɗakinta yau. Ta dubi taga, rana ta riga ta karkata. Ta girgiza kai.

An karɓe musu takalma, aka sa su wankin kayan kurkuku a kan siminti cikin tsananin sanyi. Yatsun ƙafar wasu sun yi baƙi. Mme Selina ma a kan simintin nan ta kwana, ta fito da tarin da bai taɓa barinta ba, wannan sadaukarwar kam babu mai musa mata ita. Duk yamma in haske ya fara ja a jikin bango, Mantoa takan koma lungu, ta juya fuska, ta ja mayafi ta rufe kanta har sai duhu ya shiga. A rana ta tara ba ta taɓa tuwon masararta ba. Puleng ta jawo kwanon ta ce, "Bari in taimaka miki, ausi, kada a ce mun raina girkin gwamnati." Babu wadda ta yi dariya, ita ma ta ture kwanon.

A wannan rana Nkhasi ya iso gari da tunkiya, bayan tafiyar kwana uku. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka faɗa masa inda take. Bai ko sha ruwa ba, ya juya da dabbarsa.

Ranar da aka sako su, Mantoa ta same shi zaune a kan dutse a ƙofar ɗakinta, lulluɓe da bargo, sandarsa a kan gwiwa. Wannan karon babu tunkiya. Ta durƙusa nesa da shi ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ya ce shanu ashirin gidansu suka bayar a kanta, ya ce ƙaninsa bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ya ce a ƙauye yanzu shi ake nunawa da baki. Sannan ya ce, "Rana sittin ta faɗi kina waje. Sittin."

"Sittin da ɗaya, Ntate," in ji ta, tana kiransa baba da yarenmu.

Ya ɗago kai. A hankali, da muryar mai takaba, ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. A farkon watan Mayu ta je sabunta takarda. Ta shiga layi tun da hantsi. Akawu ya rufe taga ya tafi shan shayi, ya dawo, ya sake rufewa. Sai da inuwa ta yi tsawo aka buga mata hatimi. Ta fito da gudu, amma a kan gadar da ke tsakanin gari da unguwarmu rana ta nutse a kan idonta. Babu wanda ya gani.

"Me ya hana ki fita daga layin?"

"In na fita su kama ni da tsohuwar takarda, in kwana a waje duk da haka. Da na yi shiru, Ntate, da ka yanka tunkiyarka ka kwance ni a kan ƙarya. Takardar nan ce ta fara ɓata wa Tefo kwanciya. Shi ya sa na kai musu abarsu."

 Nkhasi ya dogara sanda ya miƙe, ya gyara bargonsa, ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Zaren dai ya bar shi a wuyanta.

Shekara goma sha shida ta yi da shi. Mme Selina ta kawo fasto, ya ce addu'a ɗaya ta isa, almakashi kuma yana aljihunsa. Mantoa ta yi masa godiya, ta ce wanda ya ɗaura shi ne zai kwance. In baƙin zani ya koɗe ta rina wani. Ba ta sake zuwa biki ba. Ranar auren 'yarta Moroesi wasu ne suka yi girki, ita tana ciki tana jin guɗa ta bango. Bayan wasu shekaru aka daina tambayar mata takarda a garinmu. Jarida ta buga hoton Mme Selina da sunayen waɗanda suka yi jawabi. Na Mantoa ba ya ciki, kuma ba ta san haka ba, don ba ta karatu. Da asuba tana bakin kwami, kafin la'asar ta yi nisa tana cikin ɗaki.

Rannan sai ga wani magidanci da tunkiya a igiya yana tambayar ɗakin matar Tefo. Ɗan Nkhasi ne, ya dawo daga aikin ma'adinai ya tarar da uban a kan gargara. Ya ce maganar ƙarshe da tsohon ya yi ita ce a kai wa matar ƙaninsa tunkiyarta, a kwance ta da sunansa. Abin da ya juya masa zuciya ba a faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Aka yanka dabbar da safe. Tsofaffi suka yi mata aski, suka wanke ta, aka ƙone baƙaƙen kayan a bayan ɗaki. Mutumin ya sa wuƙa ya tsinke zaren, wanda ya riga ya yi mata shaida a wuya. Ta dafa tuwo da hannunta, muka ci. Puleng, da haƙoranta uku da suka rage, ta ce ashe shekara goma sha shida ba mu yi asarar komai ba, gishiri ya yi yawa. Mantoa ta yi dariya da ƙarfi, sai ta kama bakinta da sauri, kamar ta yi laifi.

Washegari da sassafe za ta bi ɗan Nkhasi zuwa kan duwatsu, ta zauna kusa da 'yarta, don hannayenta sun daina matse zane. Da yammar nan na dawo daga gidan wanki da ƙunshi a ka, na hango ta zaune a kan dutsen ƙofarta cikin shuɗin zani. Rana ta sauko ta taɓa rufin tashar jirgi. Sai na ga ta miƙe da hanzari, ta kai hannu ga ƙofa, ƙafa ɗaya har ta shiga. Ta tsaya a haka. Sannan ta janye ƙafar, ta dawo ta zauna, ta ɗora tsattsagaggun hannayenta a kan gwiwa, ta zuba wa rana ido har ta nutse.