Lasifikar da Ta Tsallaka Katanga

Ni ne mutumin da aka aiko wa da lasifika shida, ya raba su kamar naman layya. Gara in faɗa da bakina, domin a garinmu Ƙofa ba wanda bai ji labarin ba, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina ɓarar gyaɗa. Ban san akwai kayan da ake kawowa guda shida alhali abu ɗaya ne ba. A iya sanina, in abu ya shigo gida ya wuce ɗaya, to an ɗora wa maigida aikin rabo.

Babban ɗana ne ya aiko su daga Kano, inda yake aiki. Direba ya sauke kwalin a Kwanar Dangora, na je na ɗauko a bayan babur. Da aka buɗe sai ga ƙananan lasifiku huɗu, da wata doguwa siririya, da wata ƙatuwa mai nauyin buhun gishiri, da akwatin da ake jona su duka. Akwai kuma wani ɗan abu kamar ashana da ake soka wa talabijin a baya, shi yake janyo fim daga intanet. Mutumin da ya haɗa mana sola ya zo ya jona komai. Ya ajiye doguwar a ƙarƙashin talabijin, biyu a gefe da gefe, biyu kuma ya rataya su a bayan inda nake zama. Ya kunna mini fim ɗin namun daji, ya karɓi sallamarsa ya tafi.

Ina zaune da kwanon fura a hannu, ina kallon barewa tana kiwo, sai zaki ya yi gurnani daidai ƙeyata. Ban san lokacin da na isa tsakar gida ba. Furar kuwa rigata ce ta sha. Uwargidana ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mata iska na fito sha.

A ranar na yanke hukunci. Ba zan zauna a ɗakina ana yi mini motsi a baya ba. Kuma wane irin rowa ne mutum ɗaya ya tara lasifika shida a ɗaki ɗaya, gida cike da kunnuwa? Washegari na koma Kwanar Dangora na sayo waya mai tsawo da salatif. Na bar wa kaina doguwar da ƙatuwar. Ta hagu na kai ɗakin uwargida, ta dama na kai zaure saboda baƙi. Cikin biyun nan na baya masu tsorata mutum, ɗaya na rataya a madafa. Saura ɗaya a hannuna, na tsaya ina kallon katanga.

Bayan katangar nan sashen yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin shekararmu bakwai ba abin da ke haɗa mu sai sallama a ƙofar masallaci, ita ma busasshiya, don kada a ce mun yi gaba. Laifin nawa ne. Akwai ɗorawa a kan iyakar gonarmu, mahaifinmu ne ya raine ta, na sa aka sare ta ba tare da na tambaye shi ba, wai tana yi wa masarata inuwa. Yaya bai kai ni ƙara ba, bai zage ni ba. Ya dai daina shigowa. Ni kuma bakina ya yi nauyi da ban haƙuri, kullum ina cewa gobe.

Amma tsaraba tsaraba ce. Ko ba ka magana da mutum, in ɗanka ya aiko da kaya, akwai rabon babansa a ciki, balle Yaya da shi ya yi wa yaron huɗuba ranar da aka haife shi. Na kira matarsa ta kan katanga, na miƙa mata lasifikar, na ce, "Ga tsarabar ɗanku." Na jefa wayar ta tsallaka. Na san ba zai iya mayarwa ba, domin in ya mayar ba ni ya wulaƙanta ba. Da yamma na leƙa ta wata kafa na ga ya rataye ta a ƙusa, a rumfar da yake kishingiɗa.

Abin da ban sani ba, kowace lasifika da nata aikin. Tawa doguwar ita ce mai magana. Ta uwargida da ta zaure kiɗa suke yi da rabin hayaniya. Ta Yaya kuwa ba ta cewa uffan. Daga kukan tsuntsu sai iska, sai takun abin da ba ka gani.

Muna kallo da rana ne, bayan azahar, lokacin da sola take da ƙarfi. Wata rana bayan kaka, ruwa ya daɗe da ɗaukewa, kowa ya baza shanyarsa. Yaya ya shimfiɗa barkono tabarma huɗu a tsakar gidansa, ya kishingiɗa a rumfa barci ya ɗauke shi. Ni kuma ina kallon wani daji mai duhu inda aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai na ji ihu daga bayan katanga: "Ku kwashe barkono! Ku kwashe barkono!" Na ji ana jan tabarmi, na ji kwano ya faɗi, na ji ana atishawa. Daga nan sai shiru.

Can sai ga shi ya shigo ta zaure, ba hula, ba sallama, idonsa ja saboda yaji. Rabon ƙafarsa da ɗakina shekara bakwai.

"Kai! Wane irin shaiɗani ka rataya mini a rumfa?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ruwa ne ya koro ka?"

"Ka tsufa ba ka daina iskanci ba. Na kwashe barkono rana tana dukana, jikoki suna yi mini dariya!"

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai idonsa ya faɗa kan talabijin. Wasu birai ne suka takure a ƙarƙashin ganye, ruwa yana zuba a kansu, uwar ta rungume ɗanta. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a bakin tabarma, can nesa da ni, kamar mai jiran mota.

"Wannan wane daji ne?"

"Bature yana ta bayani, ai ka ji."

"To me ya ce?"

Turancina bai wuce na sayen man babur ba, amma ban yarda in ce ban sani ba. Na ce, "Cewa ya yi wannan babban birin shi ne wa, ya yi fushi da ƙaninsa, ga shi ruwa yana dukansu tare."

Ya harare ni. "Ƙarya kake yi."

"To kai fassara mana."

Bai fassara ba, bai kuma tashi ba sai da aka kira la'asar.

Daga ranar abin ya zama kamar ƙa'ida. Lasifikarsa za ta yi wani kuka, sai ya zagayo. Bai taɓa cewa ya zo hira ba, kullum da ƙorafi yake shigowa. "Abin nan naka yana wani kuka kamar an shaƙe akuya, mene ne?" Ko kuma, "Tun ɗazu ake gudu a rumfata, wa ake kora?" Sai in ce zauna ka gani. Maganar ɗorawa ba wanda ya tayar. Muna dai musu a kan ko kada ya fi dorina ƙarfi, yana ce mini jahili, ina ce masa tsoho mai tsoron ruwa.

Sau ɗaya uwargida ta matsa aka sa fim ɗin Hausa kwana uku a jere. Kwana ukun nan Yaya bai leƙo ba. Na je madafa na kara kunne a 'yar'uwar lasifikarsa, na ji tsit. Ashe irin waɗannan finafinan ba sa aika komai zuwa na baya. Tun daga nan na kafa doka: bayan azahar namun daji ne, ba canji. Uwargida ta ce na mayar da gidanta gidan zu. Na ce na ji.

Sai ɗana ya zo ganin gida. Ya shiga ɗakina ya ga lasifika biyu, ya bi waya da ido har madafa, har zaure, har kan katanga. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Baba, me ka yi haka?"

"Rabo na yi."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai fim ɗin da ke zuwa ta intanet, in mai kyau ne, sautinsa a rabe yake zuwa gida shida, kuma akwai 'yar alamar lamba da ake dubawa a jikin sunan fim ɗin kafin a kunna. Wai dole sai sabis yana da ƙarfi, in ya yi rauni hoton ma dishi-dishi yake yi. Wai an yi abin ne don mutum ya zauna a tsakiya, jirgi ya taso daga bayansa ya wuce ta kansa, ya ji kamar yana cikin wurin. "Don kai na saya, Baba, don ka ji daɗin da masu kuɗi suke ji. Bari in karɓo su in mayar."

Na ce, "Ka je ka ce wa babanka na bayan katanga ya cire tsarabar da ka ba shi. Ina nan ina jiranka."

Ya san ba zai iya ba. Amma ɗan boko ba ya rasa dabara. Ya ɗauki rimot ya danna wani maɓalli, ya ce, "To shi ke nan. Yanzu kowace lasifika za ta riƙa faɗin komai, magana da kiɗa duka. An ɓata tsarin, amma aƙalla Baba Babba zai ji labari sosai daga rumfarsa." Ya sa fim ɗin Hausa. Murya ta tashi a madafa, ta tashi a zaure, ta tashi a bayan katanga. Uwargida ta yi guɗa. Matar Yaya ta ɗago murya ta ce Allah ya yi wa ɗan nan albarka.

Kowa ya ji daɗi ban da ni. Ranar na zauna ina kallon bakin tabarmar nan har la'asar, ba wanda ya zauna a kai. Washegari ma haka. Ina jin muryar 'yan fim tana fitowa daga rumfarsa tar, ba abin da ya rage da mutum zai zagayo ya tambaya.

A rana ta uku na kira ɗana na miƙa masa rimot.

"Mayar da ita yadda take."

"Baba, ai yanzu ne take aiki."

"Ban ce ka yi mini bayani ba."

Uwargida ta shigo tana goge hannu. "Malam, wai kai me ya sa in abu ya gyaru sai ka ɓata shi? Mutum ya samu yana jin labari yana tuƙa tuwo."

Na ce, "Ga rediyo can, ki kunna."

Ɗana ya ce, "Wallahi Baba in abokaina suka ji yadda ka yi da kayan nan, dariya za su yi mini."

"Su yi. Su suka haife ka? Kai ka ce don ni ka saya. To nawa ne, kuma haka nake son su: ɗaya ta yi magana, ɗaya ta yi kukan tsuntsu. Wanda ya ƙera su bai san gidana ba. In yana da ƙorafi ya zo Ƙofa ya same ni."

Dalilin kuwa ban faɗa ba. Ta yaya tsoho mai furfura zai dubi ɗansa ya ce da kukan biri yake kiran yayansa? Na gwammace su tafi da cewa taurin kai ne da jahilci, tunda dama an san ni da su. Yaron ya danna maɓallin yana girgiza kai. Na karɓi rimot ɗin na zura a aljihun 'yar-shara, kuma har yau a can yake kwana. Ɗana ya koma Kano yana fushi, ya yi sati biyu gaisuwarsa a waya gajeriya ce. Uwargida ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo da ƙarfi.

Ranar da yaron ya tafi na sa wani fim na giwaye, na ƙara murya. Ba a daɗe ba na ji takun takalmi a zaure. Yaya ya shigo yana cewa wani abu yana huci a rumfarsa ya hana shi barci. Ya zauna a wurinsa. Muka kalli giwaye suna tsallaka kogi, ƙaramar cikinsu tana nutsewa ana turo ta da hanci. Ban yi fassara ba, shi ma bai nema ba.

Da aka kira salla ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa. Bai dube ni ba ya ce, "Gara da ka mayar da ita. Jiya saura kaɗan in tsinke wayar nan da kaina, in zo in ce maka ɓera ne."