Uwar Tukwanen Goggo

Har yau in na ji an ce za a raya al'adun gargajiya sai raina ya ɓaci, kuma matar yayana ce ta jawo.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, maginiyar tukwane a wani ƙauye bayan Saulawa. A hannunta na tashi. Ba ta da wani kayan aiki na a zo a gani, sai wata tsohuwar tukunya baƙa da ta gada daga mahaifiyarta Inna, kakarmu. Kullum a kife take. A kanta ake fara kowace tukunya: a barbaɗa toka, a ɗora yumɓu, a yi ta bugawa da dutse har ya bi jikinta, in ya sha iska a cire a yi masa wuya da baki. Uwa muke ce mata. A tsakiyar gindinta akwai ɗan gurbi, inda babban yatsan kakarmu ya danna tun tukunyar tana ɗanya, don haka duk tukunyar da ta fito daga kanta tana da ɗan ƙullutu a ciki. Matan kasuwar Makarfi sai sun zura hannu sun lalubo shi kafin su taya.

Wata shekara bayan girbi matar yayana ta bugo waya daga Kaduna, wai za ta kawo ƙawayenta na wata ƙungiya su ga yadda ake rayuwa a da. A da! Mu ga mu da ranmu, muna cin tuwo.

Suka iso da hantsi, kowacce da baƙin tabarau da robar ruwanta, kada na rijiyarmu ya kashe ta. Matar yayan nan tawa 'yar Kudan ce, da rake ta yi wayo, amma ranar sai da ta nuna madambaci ta tambaye ni sunansa. Kafin a fara hoto ta sa aka ɓoye bokitan roba da wayar Goggo da ke caji a jikin sola, wai suna ɓata gargajiya. Goggo ta yanka musu zakara ta yi dambu. Sun ɗauke shi hoto ta kowane gefe, suka tsakura, suka goge yatsu.

Shugabarsu wata Hajiya ce mai zobba a duk yatsu. Ita ta hango uwa a kife a rumfa, ta tsuguna tana shafawa.

"Kai, Baba, wannan ta yi kyau! Irinta na daɗe ina nema."

Goggo ta ce, "Ai sai ki ɗauka, Hajiya."

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san wannan magana kara ce. Baƙo ya yaba abinka, ka ce ya ɗauka, shi kuma ya ce a'a, Allah ya amfana, Allah ya bar maka. Shi ke nan, kowa ya fita kunyar kowa. Hajiyar nan ba daga Turai aka sauko da ita ba. Amma sai ta ɗaga murya ta kira direba.

"Zo ka sa min wannan a but. A hankali fa, tsohon kaya ne."

Na buɗe baki, Goggo ta watso mini harara, na rufe. Na dubi matar yayana, wadda ta fi kowa sanin mece ce uwa a gidan, sai na ga saƙo mai muhimmanci ya shigo wayarta a daidai lokacin.

Bayan sun tafi na ce, "Goggo, don Allah me ya kai ki?"

"Baƙuwa ce, kuma surukarmu ce ta kawo ta. Ce mata zan yi a'a?"

Haushinta ma na ji a ranar. Kara abu ne mai kyau, amma da masu kara ake yin ta.

Ta kifa wata tukunyar ta ci gaba da gini. Tukwanen suka fito lafiya, sai dai a Makarfi mata suka riƙa zura hannu suna ajiyewa, suna cewa waɗannan ba na gidan ba ne. Goggo ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni na tasa matar yayana a gaba har ta gaji, ta ce a kan tukunyar ƙasa za a hana ta sakat, ta kai ni gidan Hajiya.

A bakin ƙofar falo na sami uwa, a zaune bakinta sama, yadda ban taɓa ganinta ba. An shafe ta da fenti ruwan gwal, an cika ta da ƙasa, an dasa fulawa. Hajiya na ta murna, wai kowa ya zo sai ya tambaya.

"Mai kula da fulawa ya huda min gindin don ruwa ya riƙa fita," in ji ta. "Kin san mutanen da akwai basira. Har ɗan gurbi suka bari, daidai inda za a huda."

An kawo mini lemo, ban sha ba.

Da na koma ƙauye na tarar da Goggo tana kwaɓa yumɓu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"To, tunda tana nan lafiya, a bar musu. In na je Kaduna ganin likita sai ki biya da ni, in ɗan sa yatsana a gurbin yatsan Inna."

Na ce to. Ta sha zuwa Kaduna tun daga nan, kuma duk zuwa sai ta tuna mini. Kullum ina ce mata Hajiya ta yi tafiya.