Guntuwa, Mesar Fo Gameli

A ƙauyenmu da ke bayan Tsevie, in kana neman Fo Gameli da la'asar, kada ka wahalar da ƙafarka zuwa gidansa. Nufi rumfar Da Sefako a gindin mangwaro, za ka same shi a ƙarshen benci, riƙe da ɗan kofin sodabi, barasar nan da ake tatsa daga bammi. A yarenmu Fo yaya namiji ne, Da kuwa yaya mace. Shekara talatin ke nan mazaunin Gameli bai sauya ba, har katakon ya lotsa daidai da shi.

Sana'arsa haƙar mesa. Ba ƙatuwar nan mai haɗiye akuya ba, 'yar ƙaramar ce wadda in ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo, ta cusa kai a tsaka. Da rani ya tsaya sai ya saɓa dagi da buhu, ya bi duk wani tsohon suri da ramin gafiya, ya zaƙulo matan da ke ɗauke da ƙwai. A gida suke sakawa cikin akwatuna. Ya kwashe ƙwan ya binne a dusar katako mai laima, bayan wata biyu su ƙyanƙyashe, dillalan Lome su zo su ɗiba, a sa su a jirgi zuwa ƙasashen Turawa, inda aka ce kiwon su ake yi a ɗaka kamar kyanwa. Iyayen kuwa a mayar da su daji. Wasu masu haƙar da sun kai bakin hanya suke zazzage buhu su juya. Gameli kowace uwa sai ya kai ta bakin ramin da ya ɗauko ta, ya ɗiga sodabi a ƙasa, ya ce mata sai baɗi. In an ce yana ɓata wa kansa lokaci, sai ya ce wanda ya ari tukunya ai ba ya mayar da ita ƙofar wani.

A cikinsu akwai wadda ya fi sani. Ranar da ya fara haƙo ta, bakin dagi ya datse mata kan wutsiya, shi ya sa ta zama Guntuwa. Shekara tara a jere yana samun ta a suri guda, gindin wani rimi. A shekarar da abin ya faru ma ya ɗauko ta, ta saka ƙwai bakwai. Da ya sa ta a buhu ya koma da ita, sai ya tarar babu rimi, babu suri. Wani attajiri ya sayi wurin, katafila ta baje shi, an ja layukan abarba iya ganinka. Gameli ya daɗe tsaye a rana, buhu a kafaɗa, sannan ya juyo gida da ita.

Ya ƙera mata akwati babba, ya ajiye a ɗakin matarsa Akofa, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Kuma maganar gaskiya, abin ya yi masa daɗi. 'Ya'yansa uku duk sun watse, ɗaya a Lome, biyu a Gabon, sai dai murya a waya. Yanzu in ya dawo gida akwai wadda zai leƙa ya ce wa sannu. Matsala guda ce, Guntuwa ta ƙi cin abinci. Mesa takan yi watanni ba ta ci ba, wannan ya sani, amma wadda ta saka ƙwai a rame take, in ba ta ci ba mutuwa za ta yi.

A rumfar Da Sefako kuwa abin ya zama na tsokana. Akwai Piyabalo, magini, mutumin Kabiye daga duwatsun Kara, wanda ba ya shan komai sai burukutu. Da jarkarsa yake zuwa da ƙoƙonsa, ya zauna a bencin Sefako bai sayi na sisi a wurinta ba, kullum tana mita, kullum tana share masa wuri. Akwai kuma Dodzi, tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Metir, mai giyar kwalba.

"Fo Gameli, yaya Madam ta kwana?" in ji Piyabalo wata la'asar, don haka yake kiran Guntuwa.

"Ta fi ka lafiya, ɗan dutse."

"Ta ci?"

Gameli ya sunkuya yana juya kofi.

"Ai dole ta ƙi! Wa zai karɓi abinci daga hannun da ke warin kananzir? Wannan abin da kuke sha, mu a wajenmu fitila za mu zuba wa."

"Ji mai magana! Kunu ne ya lalace muku, kuka rasa inda za ku zubar, kuka ce bari mu zuba a cikinmu."

"Kunun da ke riƙe ciki. Ni in na sha ƙoƙo biyu, sai na ɗora bulo ɗari. Kai in ka sha kofi biyu, sai ka gai da akuya da Faransanci."

Metir ya gyara tabarau. "Ku duka biyun ba ku waye ba. Abin sha in babu marfi babu takarda, ai ba a san ubansa ba."

"Marfi da takarda!" Sefako ta ce daga bayan tebur. "Kwalba ɗaya tun azahar, Metir, har ƙuda ya yi iyali a bakinta."

Aka yi dariya. Metir, don ya kawar da zancen daga kansa, ya zaro waya ya nuna musu hoton wata Baturiya da mesa naɗe a wuyan hannunta. Ya ce har suna ta raɗa mata, ta saya mata fitilar ɗumi, ɓeraye ma a firji take ajiye mata.

"Ɓera a firji, kusa da abincin mutane?" Piyabalo ya tofar da yawu. Shi tun yana yaro kububuwa ta sare shi a gona, har yau ko tsumma ya gani a hanya sai ya yi tsalle. "Wa ya sani ma, ko 'yar Madam ce wannan."

Da wasa ya faɗa, amma Gameli ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, yana bin zanen bayan mesar. Ya daɗe kafin ya mayar. Ranar bai ƙarasa kofinsa ba.

Da zai tafi, Sefako ta bi shi 'yan taku. "Fo, ka san wani lokaci mahaukaci kan faɗi gaskiya. Ba ka ce da harshe take shinshina ba? Ƙila warin ne."

Gameli ya fi su duka sanin mesa, kuma ya san da wuya haka ne. Amma wanda ya rasa magani ba ya raina saiwa. Washegari ya zo ya zauna a gurbinsa, ya ce a ba shi ruwa. Sefako ta dube shi, ta dubi sama ko hadari ne ya haɗo. Kwanakin farko ya sha wuya. Piyabalo ya sa masa suna Fasto, Metir ya ce a rubuta ranar a tarihi. Bai kula su ba. Sati shida bai ɗanɗana ba. Kafin ya buɗe akwatin sai ya wanke hannu da sabulun salo. Ya kawo mata ɓeran gida, ya kawo na daji, ya kawo ɗan tsako, har jaririyar gafiya ya haƙo. Ɓera ya hau bayanta ya yi yawo ya sauka, ko kai ba ta ɗaga ba. Ƙashin bayanta ya fito kamar tsaikon ɗaki.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda take kwanciya. A naɗe take kullum, da ɗan fili a tsakiya, daidai inda ƙwai za su zauna. Ya wanke ta, ya wanke akwatin don warin ƙwan ya fita, ta sake naɗewa a kan babu. Ashe haka take yi duk shekara, shi dai ba ya gani, don ya riga ya kai ta rami ya yi mata sai baɗi ya tafi. Ya zauna a bakin gadon Akofa ya tuna shekarun nan tara. Ƙwai sun fi hamsin, kuma ko ɗaya bai taɓa fashewa a ƙarƙashinta ba. Da yana ganin kansa mai amana, tunda yana mayar da tukunya. Ranar ya ji kunya, irin wadda ba a gaya wa kowa, ya kuma gane ba hannunsa take ƙi ba, akwatin take ƙi.

"To ka sake ta mana," in ji Metir, da Gameli ya faɗa musu. "Daji ya ƙare ne? Ga bakin rafi, ga bayan maƙabarta."

"Metir, daga nan zuwa tafiyar yini, babu ramin da ban sani ba."

"Ai shi ya fi. Sai ka zaɓa mata mai kyau."

"Ba ka gane ba. In na san inda take, rani na tsayawa ƙafata za ta kai ni. Zan ce leƙawa kawai zan yi. Daga leƙawa sai in ga tana da ƙwai, daga nan sai dagi. Na san kaina."

Ba wanda ya yi dariya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, sai dai ba kowane ɗaurarre ne ke nuna turkensa da yatsa ba.

Gameli ya juya ga Piyabalo. "Jibi za ka gida kallon kokawar samari, ko?"

Piyabalo ya ajiye ƙoƙo a hankali. "Kada ma ka fara."

"Hanyar Kara doguwa ce. Ka sauka duk inda ka ga dama."

"Ni? Da maciji a cinya? Fo Gameli, rashin kananzir ya taɓa maka kai. Da Sefako, zuba masa, ni zan saya!"

"Ba ta cizo, ko ƙarfin ɗaga kai ba ta da shi. Metir in na ba shi, kafin ya dawo duk gari ya ji. Kai kaɗai ne za ka kai ta, ka tsani wurin har abada, ba za ka taɓa raka ni ba."

Piyabalo ya zagi mesa, ya zagi sodabi, ya zagi ranar da ya baro duwatsu ya zo cikin mutanen da ke gai da macizai. Jibi da sassafe sai ga shi a ƙofar Gameli, sanye da takalman aikin siminti har gwiwa.

Gameli ya sa ta a buhu, buhun a kwali mai huji. Ya yi masa bayani sau uku. Tsohon suri zai nema, wanda gara ta bari, mai ƙofofi, nesa da gona, kusa da ruwa. Kada ya zazzage ta, ya kwantar da buhun baki ga rami ya ja da baya ya jira. Sannan ya miƙa masa 'yar kwalbar sodabi, ya ce ya ɗiga a ƙasa in ta shiga. Bai raka shi tasha ba. Ya koma ɗakin Akofa ya fitar da akwatin ya jingine a rana.

Bayan sati biyu Piyabalo ya dawo, rumfa ta cika don jin labari. Ya ce kwalin a cinyarsa yake tun daga Tsevie, bai yi numfashin kirki ba. Wata mata a gefensa ta tambaye shi mene ne a ciki, ya ce doya. Can sai doyar ta motsa.

"Sai na ce wa direba tsaya, tsaya, daidai wata gada da ke gaban..."

Gameli ya ɗaga hannu. "Kada."

Piyabalo ya haɗiye sauran.

"Ta shiga?"

"Ta daɗe tana lasar iska, har na ce ko ta mutu da harshe a waje. Can sai ta ja jiki. Guntun wutsiyar nan shi na gani ƙarshe."

"Ka ɗiga mata?"

"Rabi. Rabin ni na shanye, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata."

Rumfa ta kaure. Metir ya ce wannan ma a rubuta a tarihi, Sefako ta tambaye shi yaya ya ji kananzir, ya ce har yanzu in ya yi gyatsa yana tsoron ashana. Cikin hayaniyar ta cika ɗan kofi ta ajiye a gaban Gameli. Ya ɗauka ya ɗiga a ƙasa kamar yadda ya saba. Bakinsa ya buɗe zai ce sai baɗi, sai ya rufe shi, ya sha.

Har yanzu yana haƙa, don ba shi da wata sana'ar, sai dai duk uwar da ya tarar ta riga ta kwanta a kan ƙwanta yakan mayar da ƙasa ya rufe, abin da ke sa sauran masu haƙa su ce tsufa ya kama shi. Wadda ya zaro kuma, wutsiya yake fara dubawa, ko da yake ya san ba za ta zama ita ba. Bai san ko ta ci ba, bai san ko ta kai damina ta gaba ba, kuma rashin sanin yana cin sa.

Da rani ya sake tsayawa, wata la'asar bayan kofi na biyu, ya matsa kusa da Piyabalo, ya sassauta murya yadda Metir ba zai ji ba.

"Ɗan dutse, gadar nan. Kafin Atakpame take, ko bayanta?"

Piyabalo ya dube shi ta saman ƙoƙo, ya daɗe yana dubansa.

"Sha kananzir ɗinka, Fo Gameli," ya ce. "Ni doya na kai."