Baƙaƙe a Tokar Kaka

Ina ɗan shekara huɗu da 'yan watanni aka rubuta sunana a takardar kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu. A lokacin Nasara ba su daɗe da kafuwa ba, kuma sun ɗora wa kowane mai unguwa a Matameye ya ba da yaro guda da za a kai lakkol, wato makarantarsu, a Damagaram in ya kai shekara bakwai. Mai unguwarmu ya duba gabas ya duba yamma, bai ga mai sanyin hali kamar Baba ba. Shi ke nan, abin ya faɗo kaina.

Baba maɗinki ne, ya taɓa zama a Damagaram. Can ya ga yadda ake dukan yaran da ba su gane abin da mushe, wato malamin lakkol, yake faɗi ba. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya ce zai fara koya mini tun yanzu don in je da ƙarfina. Shi kansa baƙaƙen Nasara goma sha ɗaya kacal ya sani, amma in ka ga yadda yake gyara zama zai zana su a ƙasa, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro su. Kullum bayan magariba sai ya zaunar da ni a zaure, tsumagiya a gefensa. Ya kuma kafa doka: ba ni ba ɗakin Kaka, tatsuniya ɓata lokaci ce.

Dokar nan ta fi tsumagiyar yi mini ciwo. Lokacin ɗari ne. Kaka, mahaifiyar Baba, takan hura wuta da karan gero a tsakar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, yayyena su kewaye ta. Ina jiyo dariyarsu daga zaure, ni kuwa ina kallon wani abu mai tumbi biyu wai shi "be". Ba a yi kwana goma ba na fara in'ina. Da Baba ya ce in faɗa, sai harshena ya sarƙe, hawaye su zubo.

Kaka ta lura, amma Baba ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta doguwar magana da shi, balle ta yi masa faɗa ido da ido. Sai ta jira ranar da ya zo bakin ƙofarta gaisuwa, ina biye da shi. Ta miƙo hannu ta janyo ni cikin zanenta.

"Maigidana, ka ƙaurace mini," in ji ta. "Ko ka samu wadda ta fi ni haƙora ne?"

Kafin Baba ya buɗe baki ta ɗaga murya: "Ga ta nan ta iso, ku matso kada ta wuce!" Yayyena suka amsa, ta zo mu ji ta.

Ta ce Gizo ne ya ɗauki alkawari sai ya riga kowa cin tumu a garinsu. Saura wata guda damina ta faɗi, shi da matarsa Ƙoƙi suka yi binne, wato suka zuba iri a busasshiyar ƙasa kamar yadda mutanenmu ke yi. Ƙoƙi ta rufe ramukanta ta koma gida. Gizo kuwa ya kasa haƙuri, ya riƙa jido ruwa daga rijiya yana zuba wa nasa. Gero ya tsiro kore shar, shi kaɗai a duk faɗin dajin. Awaki suka hango, fara ta sauko, abin da suka rage rana ta ƙone shi. Da ruwan sama ya zo, gonar Ƙoƙi ta tashi kafin ta kowa, ta Gizo kuwa ko ƙwara ɗaya ba ta rage a ƙasa ba.

Yayata ta ce, "Kaka, ashe binne ba kyau?"

"Wa ya gaya miki? Binne da kyau mana," in ji Kaka, fuskarta na kallon bango. "A sa irin, a rufe, a bar shi ya jira ruwansa. Mai cewa sai ya tsiro yau-yau, shi ne Gizo. Nan ta ƙare, mai kunne ya ji."

Baba ya juya ya fita. Washegari ba a kira ni zaure ba. Sai ranar kasuwa ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya zana baƙi ɗaya a tokar murhunta, ya tashi. Kaka ta leƙa ta ce, "Wannan ai bakin rijiya ne," ta kama ba mu labarin kurar da ta faɗa ciki. Haka aka ci gaba, kasuwa ɗaya baƙi ɗaya. Ita ba ta san sunayensu ba, ba ta kuma damu ba. In na matsu in sani, da kaina nake zuwa in tambayi Baba. Kafin damina in'inar ta bar ni.

Da aka kai ni Damagaram na sha kuka kamar kowa, na kuma sha bulala daidai gwargwado, don Faransanci ko kalma ɗaya ban sani ba. Amma baƙaƙen ba su ba ni tsoro ba, kuma na iya zama in bi magana har ƙarshenta. Sai da na girma na gane ashe tsoro ne ya sa Baba ɗaukar tsumagiya, tsoron kada wani ya dake ni. Na daɗe da yafe masa, ina ma jin tausayinsa.

Ni ma daga baya na zama mushe, har gashina ya yi fari a aji. Yanzu iyaye kan zo su tambaye ni ko su fara sa ɗan shekara uku karatu. Ba na cewa a'a. Nakan tambaye su dai wa ke ba shi labari a gida. In babu kowa, sai in ce su je su samo masa wannan tukuna, baƙaƙe ba inda za su gudu.