Kayan da Muka Ɓoye a Rumbu

A shekarar da aka yanke mana layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, a shekarar ɗana na fari ya sami jami'a. Ƙauyenmu yana ƙasar Ruma, daji na bayanmu. Da yake ba waya, sai da yaron ya je har Katsina ya duba ko sunansa ya fito. Ya dawo da la'asar, ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, an ba ni."

Na ce Alhamdulillahi. Sannan na ce ya rage murya.

Haka muka gada. Ba a shelar tafiya sai an ɗaure kaya, domin baki yana karya abin da bai ƙosa ba. Wannan tsoron kakanni ne. Mu kuma an ƙara mana wani. Gidan da aka ji ɗansa zai tafi jami'a, gidan kuɗi ne a kunnen masu kai wa ɓarayin daji rahoto, ko da kuwa gyaɗar bara aka sayar aka biya. Saboda haka muka bar maganar tsakaninmu: ni, da uwarsa, da ƙanenta da ke koyarwa a Safana, wanda shi kaɗai ne a dangi ya taɓa kwana a ɗakin ɗalibai.

Shi ya zo ya gaya mana abin da ake buƙata. Yana magana, yayarsa tana katse shi.

"Katifa ƙarama, ta mutum ɗaya. Gidan sauro. Bokiti da buta."

"Duk girman jami'a ba buta?"

"Yaya, akwai. Ta wani ce. Sai kwaɗo biyu, ɗaya na akwatin tufafi, ɗaya na inda zai kulle abinci."

"'Ya'yan mutane ne hwa, masu karatu."

"Su masu karatu ne. Yunwar ce ba ta yi makaranta ba."

Ya ce a sayi risho da kananzir, da 'yar tukunya, domin wanda ya dogara da abincin sayarwa kafin tsakiyar zango ya fara azumin dole. Ya ce garin kwaki da sukari su ne uwa da uba a can. Ya ce fitila mai cin hasken rana, saboda wuta ba ta da alkawari, da maganin zazzaɓi, saboda ba kowane ciwon kai ake bin layin asibiti a kansa ba. Da zai tafi ya juyo ya ce takalmi sau-ciki, kada yaro ya shiga aji da silifa a raina shi.

Na riƙa saye kaɗan-kaɗan a Batsari. Sukari a wannan shago, fitila a wancan, don kada mai shago ɗaya ya haɗa lissafi. In ɗaure a bayan babur, in lulluɓe da harawa. A gida muna da tsohon rumbu da ya zauna wayam, tunda gonar bakin daji ta gagari noma a daminar nan. A ciki muke zubawa. Uwarsa ta soya ƙuli-ƙuli, ta matse mai, ta daka yaji har idonta ya yi ja. Ni kuma na rubuta masa addu'o'in tsari da buɗin ƙwaƙwalwa a allo, na wanke, na zuba a kwalba na toshe.

Katanga ɗaya ta raba ni da maƙwabcina, mahauci. Tare muka yi karatun zaure, bulala ɗaya ta dake mu. Shi ya feɗe ragon sunan yaron nan. A farkon daminar ɓarayi suka kashe ƙanensa a gona, ni na yi masa wanka. Da aka rufe kasuwar dabbobi sana'a ta tsaya masa, ya koma zama a kan dakali daga hantsi zuwa magariba, ba abin yi sai kallon mai shiga da mai fita.

Wata rana ya ce mini, "Malam, akuya nawa gare ka ne? Wagga harawa ta isa raƙumi."

Na yi dariya na wuce. Shi bai yi ba.

Da safe suka zo, ina kan buzu ban gama lazimi ba. 'Yan sintirin ƙauyenmu ne, samarin da muka haɗa wa kuɗin fitila da harsashi da hannunmu. Ba sallama. Babbansu, wanda na koya wa alwala, ya tsaya a kaina da bindiga a kafaɗa ya ce, "Baba, a buɗe rumbu."

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai san nauyin abin da ake nufi ba. Mutumin da aka ce yana kai wa daji kaya ba ya kaiwa gaban alƙali. Sai dai a tsince shi a bakin rafi, a binne shi ba yawan jama'a. Kuma ba ni suka nufa ba. Yaron suka fito da shi daga ɗaki, suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar guga. Shi ne matashi, shi ne mai zuwa birni, shi ne mai taɓa waya.

Aka kwashe kayan aka zube a ƙofar gidan dagaci, gari ya taru. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Gari, sukari, kananzir, magani, fitila, gidan sauro, katifar da za a naɗe a saɓa. Ashe guzurin ɗalibi da saƙon ɓarawo kaya ɗaya ne. Dukansu na mai kwana nesa da uwarsa ne.

Dagaci ya ce wanda ya kawo magana ya fito. Maƙwabcina ya fito. Bai dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, da idona na gani. Kullum buhu na shiga, ba ya hita. A lulluɓe. Mutumin kirki mi zai ɓoye?"

Babban 'yan sintiri ya ɗaga kwalbata sama. "Ga maganin bindiga ma an haɗa musu." Ya cire toshiyar ya sunsuna, ya tuntsurar a ƙasa. Sunayen Allah ne a cikin ruwan nan. Na ga ƙasa ta shanye su kusa da takalminsa. Har yau in na tuna sai na yi ta'awizi kafin zuciyata ta sauka.

Yaron ya ce, "Jami'a zan tafi." Wani ya ce ai 'yan boko sun fi kowa iya cin amana. Aka yi dariya. Mutanen da suka ci tuwon sunansa ne suka yi dariyar.

Sai ga uwarsa. Matar da ko zaure ba ta leƙawa in da baƙo, ta keto maza da hijabinta har tsakiyar fili. Ta durƙusa ta gaida dagaci yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta ɗauki takalmin.

"Ranka ya daɗe, a tambayi mai idon. Wane ɓarawo ne ke shiga ƙaya da sau-ciki mai sheƙi?" Ta jefar. Ta ɗaga kwaɗo. "Wanga kuma ƙofar wace itaciya zai kulle?" Ta juya wajen mahaucin. "Kai, maƙwabci. Da ka ga buhu, katangar ta yi maka tsawo ne? Gishiri kana aikowa a ba ka. Tambaya ce ta fi ƙarfinka?"

"Ai ba a gaya mini ba," in ji shi.

"Ranar da matarka ta yi cikin fari, shela ka yi?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Dagaci ya aika babur Safana aka ɗauko ƙanenta, ya zo ya yi bayani, ya rantse. Yaron yana zaune a rana har azahar da igiya a hannu. Da aka gama dagaci ya gyara rawani ya yanke hukuncin da ya fi ɗaurin ciwo. Ya ce, "Ban ga laifi ba. Amma ban ga dalilin ɓoyo ba. A kwance shi, kowa ya kiyaye gaba."

Ke nan ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba.

Muka tattara abin da ya rage. Kananzir ya malale cikin garin kwaki, ba shi da sauran amfani. Sukari ya yi rabi. Ƙuli-ƙuli kuwa ina kallo ana ta taunarsa lokacin shari'a, masu tsaron gari da masu kallo, kowa ya ɗebi rabonsa. An tsaga katifa da wuƙa ana neman harsashi. Uwarsa ta ɗinke ta da zaren buhu. Tunda asiri ya riga ya tonu, kwana ya zama haɗari ta fuska biyu, washegari kawunsa ya tafi da shi. Ba rakiya, ba addu'ar dattawa. Ya fita kamar wanda ya yi abin kunya, da shatar igiya a wuyan hannu.

Wanda zai shirya wa ɗansa tafiya irin wannan, ina ba shi shawara ya sayi duk abin da surukina ya faɗa, bai yi ƙarya ba ko a ɗaya. Yaron ya ce kwaɗon nan ya fi komai amfani. Amma ban san abin da zan ce masa game da ɓoyo ba. Ka faɗa, daji ya ji. Ka yi shiru, gari ya zarge ka. Waɗanda suka bar mu tsakanin waɗannan biyun suna kwana a gidaje masu maigadi.

Maganar ba ta mutu ba. A masallaci sai in ga an bar tazara tsakanin kafaɗata da ta kusa da ni, wurin da aka ce Shaiɗan ke shiga. In an kai hari wani ƙauye, sai hira ta mutu in na iso. Mata suka rage aiko 'ya'yansu sayen mai wurin uwarsa. Da aka ba da hutu na aika masa kada ya zo, ya sauka Safana. Hutu na biyu ma haka. Uwa tana da ɗa a raye, sai ta hau babur ta bi hanyar da ake tare mutane kafin ta gan shi.

Maƙwabcina kuwa, addini ya hana ni ƙaurace masa, ban ƙaurace ba. In ya yi sallama in amsa. Iyakarta ke nan. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali.

Gab da azumi ya shigo zaurena da cinyar akuya a takarda, kasuwa ta buɗe a lokacin. Ya zauna ya daɗe yana murza hula.

"Malam, wata mai alfarma na tahe. Ka yahe mini."

"Me ka yi?"

"Haba, Malam."

"A'a, faɗa mini. Ni kaɗai ne a nan, ba wuya."

"Na zargi yaro bisa kuskure."

"A ina ka zarge shi?"

Ya ci gaba da murza hularsa.

"A gaban gari ka ɗauka, a zaure za ka mayar? Ni ba ni da shakkar ɗana. Kai wa masu shakkar."

"Ka san mutanenmu. Cewa za su yi ni maƙaryaci ne."

"Nawa ɗan cewa suka yi maci amana ne. Ɗauki namanka."

Ya ɗauka ya fita. Azumi ya shiga, ina jira. Kowace Juma'a in ga ya idar da salla ya sulale ta ƙofar gefe. Na yi ta roƙon Allah Ya sanyaya mini, domin na san fushi yana cin ladan mai azumi, amma in na ga uwar yaron ta zuba kunun buɗa-baki ta tsaya tana duban kofin da ba mai sha, sai abin ya dawo sabo.

Juma'ar ƙarshe ta watan, liman yana shafa addu'a na miƙe. Ban taɓa magana a masallacin Juma'a ba. Na yi salati, na ce, "Jama'a, ɗana zai zo gida Salla. Ta ƙofar gari zai shigo, da rana. Wanda ya san wani abu a kansa, ga ɗakin Allah, ga azumi a bakinmu, ya faɗa yanzu ina ji. In babu, wanda ya ɗora masa ya sauke."

Dagaci ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Babban 'yan sintiri yana duban silin. Na ci gaba da tsayuwa. Na yi niyyar ko la'asar za ta same ni a haka ba zan zauna ba.

Can sahun baya, dab da ƙofar gefe, maƙwabcina ya dafa bango ya tashi. Ya yi gyaran murya.

"Ni ne na hwaɗa. Kowa ya sani ni ne. Ban ga komi ba sai buhu da harawa. Tun da aka kashe ƙanena, kowane buhu na gani sai in ce na masu kashe shi ne. Yaron nan a hannuna ya girma, ban san shi da komi ba sai karatu. Ƙazafi na yi mishi. Wanda ya ji daga bakina ya kai gaba, to, ya kai wagga ma."

Liman ya ce, "Kun ji?" Aka amsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ban ji ku ba." Aka amsa da ƙarfi.

A waje, wurin takalma, ya same ni. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Malam, da saura?"

Na dube shi. Ya tsufa a shekarar nan fiye da yadda na lura.

"Wanda ke tsakanina da kai, babu. Na yafe, duniya da lahira. Na yaron kuma nasa ne, in ya zo ka tambaye shi da bakinka."

"Zan tambaye shi."

Ya miƙo hannu, na karɓa.