Buhun Siminti Guda Tsakanina da Yaya

Yayana ne direba, ni kuwa bakanike. Haka muka raba aikin tun ranar da muka jawo gawar wata ƙaramar motar Japan daga bayan wani gida a unguwar Alsawra ta birnin Omdurman, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a cikinta. Wannan shekaru ne kafin yaƙi ya watsa garin.

A lokacin akwai wata sabuwar kwalta yamma da unguwar Dar Salam, miƙaƙƙiya kamar an ja zare, ba ta kai ko'ina ba tukuna, a cikin rairayi take ƙarewa. Ran Juma'a bayan la'asar masu son gudu suke taruwa a can. Mota biyu za su jera, wani ya warware rawaninsa ya ɗaga sama, yana saukewa kowa ya take totur. Ba kwana, ba zagaye. Daga tankin ruwa zuwa wata bagaruwa, wanda ya riga wucewa shi ya ci. Kafin ka kurɓi shayi sau biyu an gama.

Yaya siriri ne kamar sillen kara, ga baki. Duk inda ya zauna sai mutane sun kewaye shi, yana zuba Larabci yana sirkawa da Hausar kakanninmu, waɗanda suka taso za su Makka suka yada zango a Omdurman ba su ƙara gaba ba. Ni jikin mahaifinmu na ɗauko, Allah ya jiƙansa, ƙato, mai nauyin baki. Abokaina duka na Yaya ne, aro nake yi. In ya tashi daga majalisa, ni ma sai in ga ba ni da abin cewa.

Da farko mun ɗauka girman inji shi ne komai. Muka samo injin wata babbar mota mai silinda shida, ƙarfe zalla, sai da muka yanke gaban motar muka yi walda kafin ya zauna. In na tayar da shi a gareji, maƙwabta har leƙowa suke yi. Ranar da muka fara kai ta kwalta, aka haɗa Yaya da wani dattijo daga unguwar Hajj Yusuf, mai gyaran famfon ban ruwa, wanda ya girma a gonakin audugar Jazira. Kowa Kawu yake ce masa. Motarsa silinda huɗu ce, ba ta da wata ƙara. Aka sauke rawani, tayoyinmu na baya suka tsaya wuri ɗaya suna juyawa, hayaƙi fari ya tashi, ƙaurin roba ya cika wurin. Kafin su kama ƙasa Kawu ya yi rabin hanya.

Yaya ya dawo yana ta dariya. Ni kam ji na yi kamar in nutse. Kawu ya zo ya buɗe bonet ɗinmu, ya duba, ya danna gaban motar da hannu, sannan ya zagaya ya ɗaga bayanta da sauƙi.

"Kun gani?" in ji shi. "Duk nauyinku na gaba, alhali da ƙafafun baya take tunkuɗa ƙasa. Wannan injin sai ya gama jan kansa kafin ya ja mota. Giyarku kuma ta doguwar tafiya ce, ta zuwa garin Madani. Nan ba Madani za ku ba, wancan icen za ku."

Watanni muka yi muna gyara. Muka sauke mai shidan, muka sa silinda huɗu mara nauyi, na ɗaura masa tarbo, abin nan da ke cusa wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Na sauya haƙoran aksul zuwa gajeru, masu saurin tashi. A nan na gane inji da giyabos da aksul sai bakinsu ya zo ɗaya, in ɗaya ya saɓa, ƙarfin a banza yake tafiya. Batir na mayar da shi but don ya danne tayoyin baya. Muka fidda kujerar baya, da safaya, da kafet, da duk wani abin da ba ya tura mota gaba. Kujerar gefen direba ce kawai Yaya ya hana.

"To ina Usta zai zauna?" Usta yake ce mini, wato babban makaniki, rabi girmamawa rabi tsokana.

Sai muka mai da ita ta kwancewa. In mun isa, in sassauta kusoshinta in sauke ta a bakin hanya, in zauna a kai ina kallo. Daga nan na ga Yaya ya wuce Kawu, ya wuce wasu samarin Hartum masu sababbin motoci. In ya dawo mutane su yanyame shi, shi kuma ya nuno ni da yatsa daga nesa. Wannan nunin ya ishe ni.

Sai Yaya ya samu aiki a Saudiyya, tuƙin babbar mota. Ban ga laifinsa ba, gareji ba ya riƙe gida biyu, ga shi yana son aure. Ranar da zai tafi ya ajiye mini makullin a kan teburin aiki.

"Kada ka bar ta ta yi tsatsa, Usta."

"Wa zai tuƙa?"

"Kai mana. Wa ya fi ka saninta?"

Na daɗe ban je kwalta ba. Juma'a in dawo daga masallaci, mu ci abinci ni da Inna, mahaifiyarmu, mu biyu kawai. Dā Yaya ne ke cika tsakar gidan da surutu. Bayan la'asar in tafi gareji, in buɗe ƙofa ɗaya, in tayar da motar ta yi zafi, in kashe. Abokan nan kuwa, in mun haɗu a kasuwa sai su ce, "Ina labarin mutumin?" In ce yana lafiya. Daga nan hirar ta ƙare.

Wata Juma'a dai na daure na je. Aka yi mini maraba, aka haɗa ni da Kawu. Na yi duk abin da na ga Yaya yana yi, na saki kuloci daidai, ban kuskure giya ba, amma Kawu ya wuce bagaruwa ina kallon bambarsa ta baya. Inji ɗaya, taya ɗaya, hanya ɗaya. Abin da ya sauya ni ne. Washegari na hau sikelin wani mai sayar da gawayi a bakin kasuwa, na tuna nauyin Yaya, sai na ga tsakaninmu akwai kamar buhun siminti guda. Wato duk tseren da zan yi, da buhun siminti a cinyata nake yi.

Na shiga neman inda zan fidda buhun nan daga jikin motar. Na cire gilasan gefe na sa roba. Na yanke ƙarfen cikin ƙofofi. Na sauya salansa da guntun bututu. Na cire fankar sanyi da wayoyinta, har madubin gefe. Duk abin da na cire sai in kai wa mai gawayi ya auna, har ya daina tambayata dalili. Kujerar gefe kuwa, tunda ba mai zama, na kai ta gida na jingine a gindin dalbejiya. Inna ta mai da ita wurin tsince wake.

Sauran nauyin na nema a jikina. Na daina sa sukari a shayi, na rage cin tuwon asida, na koma zuwa gareji a ƙafa. Mai shayin bakin garejinmu, wata mata mai yawan tambaya, ta ce ko likita ne ya hana ni. Inna kuwa ta zuba mini ido kwanaki, sannan wata rana ta ajiye farantin waken.

"Kai, zo nan. Ciwo kake yi, ko kewar ɗan'uwanka ce?"

"Mota ce, Inna. Na yi mata nauyi."

Ta dube ni. "Allah ya shirye ku, kai da shi," in ji ta. Amma daga ranar ta riƙa dafa mini miya ba mai da yawa, ba ta sake tayar da maganar ba.

Da na koma kwalta, motar ta yi sakayau har ta wuce kima. Ina sakin kuloci bayanta ya fara rawa, tayoyi suna zamewa kamar ranar farko. Na sake shan kaye. Mutane suka watse wajen masu nasara, na zauna a kan bamba ni kaɗai ina kallon tayar. Sai ga Kawu da kofin shayi biyu, ya miƙo mini ɗaya.

"Ɗana, ka rame, motarka ma ta rame. Amma ka kwashe na baya ka bar na gaba. Ba yawan nauyi ne kaɗai ba, inda ya zauna shi ne magana."

Ya sa aka ɗebo yashi a ɗan buhu, muka ɗaure shi a but daidai saman aksul, muka rage wa tayoyin baya iska kaɗan don su shimfiɗu a kwalta. Abin ya ba ni dariya, watanni ina fidda nauyi, yau ga ni ina mayarwa da hannuna.

"Juma'a mai zuwa ni da kai," in ji shi. "Kuma ba zan raga maka ba."

Bai raga ba. Aka sauke rawani, na ji bayan motar ya tsuguna, kujera ta bugi bayana, gaban ya ɗan ɗaga. Giya ta biyu muna kafaɗa da kafaɗa. Ta uku tarbo ya yi fito, na daina ganinsa ta gefen ido. Bagaruwa ta wuce.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk shekarun da na yi a bakin hanya, har da ranakun da na sha kaye, shi ne yadda can ƙarshen yake. Bayan bagaruwa sai ka yi tafiya mai nisa kana rage gudu, har inda kwalta ta ƙare. Babu kowa a wurin. Ihun mutane ba ya isowa. Na kashe inji, ba abin da nake ji sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa. Kawu ya juya tun tuni, ya yi mini hon ya koma. Na ciro waya na kira Yaya.

Ya ɗauka, ƙarar babbar mota ta cika layin.

"Yaya, na wuce Kawu."

"Wa? Ƙara murya, Usta, ina kan hanya."

"Kawu! Na wuce shi!"

"Madalla, madalla! Bari in sauke kaya, zan kira ka."

Na zauna har rana ta yi ja, sannan na koma. Aka tafa mini, wasu suka buga mini kafaɗa, wani ya ce in gaishe da mutumin. A hanya na tsaya na sayi ful, dafaffen waken nan, da burodi na ci a tsaye a jikin motar. Yaya ya kira bayan kwana biyu, ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana ta ihu a waya. Na ji daɗi, amma zuwa lokacin abin ya riga ya huce.

Na ci gaba da zuwa har gidaje suka matso kwaltar, manyan motocin yashi suka fara bi, tseren ya mutu a hankali. Yaya ya yi aure a can. Da ya zo hutu na je tarbo shi, da ƙyar na gane shi, ya yi teɓa har ya fi ni. Na kai shi gareji na yaye tamfol. Ya zagaya motar yana shafawa, ya leƙa ciki, ya ga ƙarfe tsirara.

"Har yanzu kana nan da wannan?" in ji shi, yana murmushi.

Ya shiga ya zagaya layinmu a hankali, a giya ta biyu, ya dawo ya ce bayansa ba ya son irin wannan zaman yanzu. Sauran hutun a gaishe-gaishen dangi ya ƙare.

Da safe jirginsa ya tashi. Daga filin jirgi na hau bas na haye gada zuwa Omdurman. A ƙofar gareji na tarar da wani mai raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yana jirana a inuwa, injinsa na zubar da mai. Na buɗe ƙofa, na ce ya turo ta ciki.